Tsallaken Kogi, Benci Ɗaya

Sharhin na yau zai leƙa cikin aji ne, ya duba yadda ake koya wa yara sanin mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba. Daga Kaduna za a fara, domin a can maganar ta fi fitowa fili.

Duk wanda ya san Kaduna kafin shekarar 2000 ya san gari ne da ake cakuɗe. Ma'aikatan masaƙun Kakuri, 'yan reluwe, sojoji, ma'aikatan gwamnati tun na zamanin Jihar Arewa, kowa da inda ya fito, amma gidan haya ɗaya, famfo ɗaya, 'ya'yansu kuma firamare ɗaya. Rikicin Fabrairun 2000 da wanda ya biyo baya a Nuwamban 2002 su suka sauya fasalin garin. Jama'a suka yi ta kwashe kaya, kowa ya nufi inda nasa suka fi yawa. Musulmi suka taru a arewacin kogi, su Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Kirista suka gangara kudu, su Sabon Tasha da Narayi da Gonin Gora. Jos ma haka ta rabu bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010.

Babu wanda ya zauna ya rubuta dokar raba makarantu. Sai dai ɗan shekara shida ba ya tsallake gada don zuwa firamare, ta unguwarsu yake zuwa. Da unguwa ta koma ta mutum iri ɗaya, sai aji ya bi sahu. Jaririn da aka haifa a shekarar rikicin farko yanzu ya isa ya kai nasa ɗan makaranta, kuma akwai da yawa cikin irinsu da ba su taɓa raba benci da wanda ke tsallaken kogi ba.

Makarantu sun san da wannan giɓi, kuma amsar da mafi yawansu suka tanada ita ce ranar al'adu. Rana ce mai daɗin kallo, ba a musu. Ga yaro da jar hula da rigar nan mai zanen kan zaki, an ce shi ne Ibo. Ga yarinya ta kafa gwaggwaro da ashoke, Bayarabiya ke nan. Ga wani da malafa da sanda a kafaɗa, ƙanwarsa da ƙwaryar nono, sun zama Fulani. In makarantar ta yi ƙoƙari a ga saƙin nan na Tibi mai ratsin baƙi da fari. A jera amala da akpu da tuwon shinkafa a kan tebur, a yi rawa, iyaye su ɗauki hotuna su ɗora a WhatsApp. Kafin la'asar an naɗe kayan, an mai da wa masu bayar da haya abinsu, sai baɗi.

Abin da yaro ya tafi gida da shi kaɗan ne, kuma wani sashe nasa gurguwar fahimta ce. Ya koyi cewa Bafulatani sanda ne da malafa, alhali mai yiwuwa likitan da ya duba shi makon jiya Bafulatani ne. Sannan manyan ƙabilu uku sun haɗiye sauran, a ƙasar da ke da harsuna sama da 500. A jihar Kaduna kaɗai akwai Atyap da Bajju da Ham da Adara da Gbagyi da wasu masu yawa. A ƙasar Ham ne ƙauyen Nok yake, wanda gumakan yumɓunsa suka sa sunan Nijeriya a gidajen tarihin duniya, amma da wuya a ga an tuna da mutanen wurin ranar kwalliya. A darasin zamantakewa kuma yaro kan haddace ma'anar al'ada kalma bayan kalma, ya ci maki goma cif, a tashi tara ya fita fili yana kiran wani da sunan da ya ji manya na faɗa a gida.

Akwai wani bincike da aka yi a cikin Kadunan kanta wanda ya kamata kowane hedimasta ya ji labarinsa. Wasu manazarta biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, suka zaɓo matasa maza 849, Musulmi da Kirista, 'yan shekara 18 zuwa 25, daga unguwannin talakawa da rikici ya sha taɓawa. Aka jefa ƙuri'a. Wasu suka sami gurbin koyon kwamfuta na mako 16, wasu ba su samu ba. Cikin waɗanda suka samu, wasu aka sa su ajin da kowa addininsu ɗaya, wasu aka sa su ajin da aka cakuɗa. Ba darasin zaman lafiya aka koyar ba, kwamfuta ce. Da aka kammala sai aka auna abu biyu: abin da suke faɗa da baki game da mabiya ɗaya addinin, da kuma abin da suke yi idan an danƙa musu kuɗi na gaske an ce su raba da wani da sunansa kawai suka gani, sunan da ke nuna ko Musulmi ne ko Kirista.

Sakamakon da aka buga a 2018 bai yi wa kowa daɗi ɗari bisa ɗari ba. Abin da matasan ke faɗa da baki bai sauya ba. Mummunan zaton da suka shigo da shi, da shi suka fita. Amma a wajen rabon kuɗi, 'yan ajin cakuɗe sun fi 'yan ajin iri ɗaya adalci ga wanda ba nasu ba. Wurin da ya fi ɗaukar hankali shi ne dalilin wannan tazara. Waɗanda aka tara su-ya-su sun fito suna fifita nasu fiye da ma waɗanda ba su halarci kwas ɗin ba sam. Wato ajin mutum iri ɗaya ba ya barin ɗalibi yadda ya same shi, ƙara masa son nasa yake yi. Gaskiya ne samari aka gwada, ba 'yan firamare ba. To amma idan wata huɗu ya yi wannan tasiri a kan mai gemu, mai sauraro ya ƙiyasta abin da shekara shida za ta yi wa ɗan aji ɗaya.

Wani zai ce, to sai a haɗa su kawai mana. Bahaushe ya riga ya ba da amsa: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Haɗuwa kaɗai tana iya ƙara raini. Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Gordon Allport, ya nuna cewa cuɗanya ba ta rage ƙyama sai an cika sharuɗɗa: ɓangarorin su zo a matsayi ɗaya, su sa abu ɗaya a gaba, su buƙaci juna wajen cim masa, hukuma kuma ta tsaya musu.

An ga gaskiyar haka a birnin Austin na jihar Texas a 1971. Kotu ta tilasta haɗa makarantu, sai fararen fata da baƙar fata da 'yan asalin Meziko suka tsinci kansu a aji ɗaya karon farko. Ba a daɗe ba faɗa ya kaure. Hukumar makarantu ta nemi taimakon Farfesa Elliot Aronson, shi da ɗalibansa suka shiga azuzuwa suka zauna suna kallo. Abin da suka gani duk wanda ya yi firamare a ƙasar nan ya san shi. Malami ya jefa tambaya, yara shida ko bakwai su ɗaga hannu har suna miƙewa, sauran su sunkuyar da kai. Wanda aka kira ya kasa, a yi masa dariya. Wanda ya amsa daidai, waɗanda suka kasa su ji haushinsa. Ajin gasa ne, kuma yaran da suka zo daga makarantun marasa galihu su ne kullum a ƙasa. Kowane ɓangare sai ya sami hujjar abin da dama yake zargin ɗayan da shi.

Aronson bai tsaya yi wa yaran nasiha ba. Tsarin darasin ya juya. Ya raba aji gida-gida, yara biyar ko shida a kowane rukuni, a cakuɗe. Ya ɗauki tarihin rayuwar wani shahararren mutum ya yanka shi kashi-kashi, kowane yaro aka ba shi kashi ɗaya tak. Masu kashi iri ɗaya daga rukunoni daban-daban su fara haɗuwa su fahimci nasu sosai, sannan kowa ya koma rukuninsa ya koya wa sauran. Jarrabawa kuma a kan tarihin baki ɗaya za a yi ta. Wannan shi ne tsarin da aka sani da Jigsaw.

Ya ba da labarin wani yaro ɗan asalin Meziko wanda Turancinsa ba ya fita sosai, ya saba yin shiru, malamarsa ma ta daina kiransa don kada ta kunyata shi. Da layi ya zo kansa ya fara in'ina, 'yan rukunin suka soma yi masa ba'a kamar yadda suka saba. Mai lura da rukunin ba ta tsawata musu ba. Tuna musu kawai ta yi cewa suna iya ci gaba da tsokanarsa in sun ga dama, amma jarrabawa na tafe, kuma wancan kashi na darasin ba wanda ke riƙe da shi sai shi. Cikin 'yan kwanaki yaran suka gane cewa dariya ba ta kawo maki. Suka koyi haƙurin saurare, suka koyi yi masa tambayar da za ta fito da abin da ya sani, shi kuma bakinsa ya buɗe. Bayan makonni, da aka kwatanta da azuzuwan da ba a taɓa tsarinsu ba, yaran sun fi son juna, sun fi son makaranta, kuma makin 'ya'yan marasa rinjaye ya tashi.

Wannan dabara ba ta buƙatar lantarki ko kwamfuta, kuma kayan darasinta na nan birjik. A ɗauki goro. Malamar aji biyar za ta iya yanka labarinsa gida biyar. Yaro na farko ya riƙe inda ake nomansa, dazukan ƙasar Yarbawa da Gana. Na biyu ya riƙe ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga. Na uku ya riƙe yadda ake jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, a riƙa buɗewa ana tsince wanda ya lalace, daga Sabon Shagamu har kasuwar Mariri. Ta huɗu ta riƙe matsayinsa a gidan Ibo, inda ba a fara maganar kirki da baƙo sai an gabatar da goro an yi addu'a an fasa, kuma nasu mai ɓari da yawa ne, irin wanda Hausawa ke kira hannunruwa. Ta biyar ta riƙe goron ɗaurin aure da na suna da na Sallah. Ba wanda zai ci jarrabawar sai ya kasa kunne ga sauran huɗun, kuma ba a ce wa kowa ya ƙaunaci kowa ba. A aji mai yara tamanin ko ɗari hayaniya za ta yi yawa a makon farko, wannan babu makawa. Amma malamin da ke gaban yara ɗari dama ba duka yake kaiwa gare su ba. A rukuni aƙalla kowa zai buɗe baki.

Matsalar ita ce inda ajin duk iri ɗaya ne, kamar na Rigasa ko na Sabon Tasha. Gwamnatocin baya sun hango wannan. Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ce ta tsara kwalejojin tarayya uku na farko, a Sakkwato da Warri da Okposi, aka buɗe su a 1966. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara yawansu, yau sun haura 100. Wanda ya yi irin waɗannan makarantu a shekarun 1970 da 1980 ya kan ba da labarin doguwar tafiyar jirgin ƙasa da ɗakin kwanan da ya haɗa shi da yaran da bai taɓa jin sunan garinsu ba. Sai dai kwaleji ɗari da 'yan kai ba ta ɗaukar ko ƙyallin yaran ƙasar nan. Kuma bayan kisan ɗalibai a kwalejin Buni Yadi a 2014 da sace na Birnin Yawuri a 2021, ba a ga laifin uban da ya zaɓa wa ɗansa makarantar da ke kusa da gida ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta zo da wani tanadi mai kyau, cewa kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku bayan nasa. Aka rataya aiwatarwar a kan samun malamai, malaman kuma ba a samar da su yadda ya kamata ba, duk da cibiyar harsunan Nijeriya da aka kafa a Aba a 1993. Darasin tarihi ma, wanda zai gaya wa yaro yadda kakanninsa suka yi ciniki da auratayya da maƙwabta, ya ɓace daga manhajar ƙananan makarantu shekara da shekaru, sai a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da horar da malamai 3,700 don dawo da shi.

Ireland ta Arewa ta sha irin wannan ruwan. Rikicin Katolika da Furotesta ya ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, makarantunsu kuma a rabe suke. Wasu iyaye suka buɗe kwalejin Lagan a 1981 da ɗalibai 28, ta haɗa ɓangarorin biyu. Shekara arba'in bayan haka, yaran da ke irin waɗannan makarantu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Da hukuma ta ga ba kowane uba zai yarda ba, sai ta ƙarfafa wata hanya har ta yi mata doka a 2016: kowace makaranta ta riƙe sunanta da addininta da kayan makarantarta, amma a ƙulla ta da wata ta ɗaya ɓangaren, ɗalibansu su riƙa ɗaukar wasu darussa tare a kai a kai. Firamare biyu a gaɓa biyu na kogin Kaduna za su iya gwada haka, muddin darasi ne na gaske mai maki, ba ziyarar yini ɗaya da wasan ƙwallo ba.

Ko ba a fita daga unguwa ba, garin kansa littafi ne da ba a buɗewa. Ɗan birnin Kano na wucewa ta Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa da Dandalin Turawa, ba tare da wani ya taɓa tsayar da shi ya ce masa waɗannan sunaye mutane ne ba: Yarbawa da Nufawa da Barebari da mutanen Agadas da Larabawan arewacin Afirka, waɗanda kasuwar Kurmi ta janyo, jikokinsu kuma yau Kanawa ne. Idan malami ya tura yara su tambayi kaka daga ina kakanta ta zo, ajin da ake ɗauka Hausawa ne zalla zai dawo da amsoshin da za su ba kowa mamaki. Hakanan ya kamata yaro ya san cewa a Sabon Ibadan da zangon Kumasi nasa ne baƙi, su ne 'yan tsiraru a aji.

Sai kuma wasan barkwanci. Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari; ga taubasai da kuɗin shararsu na watan cika-ciki. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Yana da amfani yara su san asalinsa da ƙa'idarsa, cewa abokin wasa ana tsokanarsa amma ba a cutar da shi, kuma shi ma yana da damar ramawa. Sai dai kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Fulani da Tibi abokan wasa ne tun kaka da kakanni, hakan bai hana zubar da jini a Binuwai ba. A ajin da yara saba'in suka taru a kan guda biyu kuwa, abin ya tashi daga wasa, kuma aikin malami ne ya gane lokacin da dariyar ta zama ta gefe ɗaya.

Iyaye ma suna da tasu damuwar, kuma ba abin rainawa ba ce. Cece-ku-cen da aka yi a 2017 kan cusa darussan addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwa ɗaya, har gwamnati ta ba da umurnin a raba su, ya nuna inda iyaka take. Uba na son ɗansa ya san maƙwabci, ba ya son a taɓa masa aƙida. Makarantar da ta yi wayo za ta kira ƙungiyar iyaye da malamai tun kafin ta fara, ta nuna musu takardar darasin da idonsu. Malaman addini na ɓangarorin biyu ba su rasa madogara ba: aya ta 13 a Suratul Hujurati ta danganta bambancin ƙabilu da sanin juna, a Linjilar Luka kuma ga misalin Basamariyen da ya taimaki wanda ba nasa ba.

Akwai kuma malamin da gwamnati ke kawowa har ƙofar makaranta ana barinsa ya tafi da ilminsa. Tun 1973 ake tura masu hidimar ƙasa jihohin da ba nasu ba, kuma da yawansu a aji suke ƙarewa. Bayan kashe wasu daga cikinsu a Bauchi a rikicin zaɓen 2011, masu neman sauyin wuri sun ƙaru, amma har yanzu suna zuwa. Budurwa daga Ekiti ko Anambara za ta sauka a wani ƙauyen Jigawa, a miƙa mata Turanci ko lissafi, ta shekara yara ba su san ko gaisuwar garinsu ba, ita ma Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Rabin awa a mako ya isa ta koya musu gaisuwa da ƙirga da yadda ake biki da makoki a wajensu, su kuma su zama malamanta na Hausa, a ƙarshen zango a gwada ɓangarorin biyu a gaban aji. Wannan ba ya jiran sabuwar manhaja daga Abuja. Hedimasta na da ikon buɗe masa gurbi a jadawalin darussa tun daga zangon karatu mai zuwa.